Dalilin da Ya Sa Ba a Tauna Omeprazole

Duk mai fama da gyambon ciki ya san omeprazole, kafson nan da ba a rasa shi a kemis. In ka buɗe shi za ka ga 'yan ƙwayoyi kamar gero, kowace da rufinta. Wasu kan tauna su, wasu su niƙa wa tsoho ko yaro don sauƙin haɗiya. Wannan asarar kuɗi ce kawai.

Maganin, wanda kamfanin Astra na Suwidin ya fito da shi kasuwa a 1988, yana ɗauke da farar wuta a tsakiyar ƙirarsa, kuma ba ya jure asid. Masana sinadarai kan auna saurin lalacewar irinsa da tsawon lokacin da rabinsa ke ɗauka kafin ya ruguje, a ma'aunin pH, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna ƙarfin asid. A pH 11, sai ya yi kusan kwana 300. A 6.5, kimanin awa 18. Ƙasa da 4 kuwa, bai kai minti 10 ba. To, ruwan cikin mutum kafin karin kumallo yakan kasance tsakanin 1 da 2. Ko da lissafin minti 10 aka bi, bayan rabin awa kashi ɗaya cikin takwas ne ya saura.

Shi ya sa aka yi rufin. Ba ya narkewa sai ƙwayar ta wuce zuwa ƙaramin hanji, inda asid ya yi sanyi. Daga nan jini ya kai maganin ga ƙwayoyin halittar bangon ciki masu fitar da asid. Abin sha'awar a nan yake: a can ma asid ne ke sauya shi, amma yanzu sauyin alheri ne, domin farar wutarsa na manne wa 'yan famfunan da ke tura asid ta toshe su. Rugujewar da ke ɓata shi a cikin tumbi ita ce aikinsa idan ta faru a inda ya dace.



Mai karatu, haɗiyi kafson yadda yake da ruwa, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin abincin safe. Wanda haɗiya ke ba wuya ya tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magunguna.