Masu Zanen Labarai Sun Shiga Kasuwa: Riba da Asara a Teburin Baje Koli

Sana'ar zanen labarai, wadda aka daɗe ana ɗauka wasan yara ce, ta soma samun gurbi a harkokin kasuwancin Nijeriya, musamman tun daga shekarar 2012 da Ayodele Elegba ya kafa bikin Lagos Comic Con. A irin wannan biki kowane mai zane kan kama teburinsa, ya baje littattafansa da hotunansa da 'yan ƙananan mujallun da ya buga da kuɗin aljihunsa, ya sayar wa mai saye hannu da hannu, ba tare da dillali ko kamfanin ɗab'i a tsakani ba.

Abuja na daga cikin biranen da masu wannan sana'a ke sa wa ido, kuma dalilin a fili yake. Unguwar Maitama ta tara ofisoshin jakadancin ƙasashen waje da manyan ma'aikata da otal irin su Transcorp Hilton, inda ake yawan taruka da baje kolin kayan fasaha. A nan ne ake samun mutanen da za su iya fitar da kuɗi su sayi hoto don ado ko littafi don 'ya'yansu. Har ila yau, a unguwar ne hedkwatar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa take, haka ma ta Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki zuwa Ƙasashen Waje, hukumomi biyu da duk mai son mayar da zane kasuwanci zai buƙace su.

Sai dai samun masu saye kaɗai ba ya tabbatar da riba. Lissafin teburin baje koli iri ɗaya ne da na kowane ƙaramin ɗan kasuwa. Akwai kuɗin da ba ya canzawa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wato kuɗin kama tebur da na mota da masauki. Akwai kuma kuɗin ɗab'i, wanda yake sauka a kan kowane kwafi gwargwadon yawan abin da aka buga. A ɗauka, a misali, mai zane ya buga kwafi 200 a kan naira 1,000 kowanne, ya kashe naira 60,000 a tebur da sufuri, sannan ya sa wa littafin farashin naira 2,500. Sai ya sayar da kwafi 104 kafin uwar kuɗinsa ta dawo, kuma wannan lissafi bai haɗa da ladan watannin da ya ɗauka yana zane ba. Idan ya buga kaɗan, kowane kwafi zai yi tsada. Idan ya buga da yawa, jarinsa zai kwanta a cikin kwali.

Saboda haka ne masu zane da suka ƙware a baje koli ba sa dogara da littafi kaɗai. Sukan haɗa da kayan da ba su da tsadar bugawa, kamar sitika da katin gaisuwa da hoton bango, su kuma zana fuskar mai saye nan take a biya su. Ribar da ta fi tsoka takan zo ne bayan an tashi daga biki, yayin da kamfanin talla ko mawallafi ko wata ƙungiya da ta ga aikin mutum ta neme shi ta ba shi kwangila.

Babbar matsalar da ke ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya ita ce tsadar takarda. Masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe tun shekarun 1990, kuma sayar da su ga 'yan kasuwa bai maido da su yadda aka yi fata ba, don haka akasarin takarda da tawada daga waje ake shigo da su. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin sufuri, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Littafin zane mai launi ya fi littafin rubutu cin takarda mai kyau da tawada, shi ya sa ya fi jin jiki.

Ga 'yan kasuwar Arewa, wannan tsari na marubuci ya buga ya sayar da kansa ba baƙo ba ne. Shi ne ginshiƙin adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka riƙa kai littattafansu ga masu shaguna a kasuwannin birnin. Bangon waɗannan littattafai zanen hannu ne, kuma sau da yawa shi ke fara jan hankalin mai saye. Amma mai zanen akan sallame shi ne sau ɗaya, ko littafin ya yi bugu nawa, kuma masu karatu sun san sunayen marubuta ba su san na masu zane ba. Yankin kuwa yana da tarihi a wannan fanni: a Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a can ne kuma ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, kuma har yau Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu zane.

Darasin da ke cikin labarin Kano shi ne cewa dukiyar mai zane tana ga haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙira. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa haƙƙin zane na mai shi ne tun daga farko, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma ba a sayar da shi sai a rubuce. Wanda ya sayi hoto a tebur ya mallaki takardar da ya biya, bai mallaki ikon buga shi a riga ko kalanda ba.

Waɗanda suka riƙe haƙƙinsu sun ga amfanin hakan. Kamfanin Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, ya soma ne da sakin labaransa kyauta a intanet, sannan a 2023 ya ƙulla yarjejeniya da wani reshe na kamfanin Universal na Amurka. Kamfanin Kugali ya haɗa gwiwa da Disney suka fitar da shirin Iwájú a 2024. Labarin Iyanu na Roye Okupe, wanda ya fara a matsayin littafin zane, ya zama shirin talabijin a tashar Cartoon Network a 2025. A ƙasar Japan ma, bikin Comiket na birnin Tokyo ya fara ne a 1975 da rukunin masu sayarwa 32 da baƙi kimanin 700, amma a Disambar 2019 ya tara mutum kusan 750,000 cikin kwana huɗu.

Inda giɓin yake shi ne harshe. Akasarin abin da ake bajewa a Legas da Abuja da Turanci ake yin sa, alhali Hausa na da masu karatu miliyoyi a Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru, ga kuma taskar tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da tarihin sarauniya Amina da Bayajida. Taruka irin su bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, da bikin littattafan Hausa na ƙasa da ƙasa da aka fara a garin a 2021, sun nuna akwai masu zuwa su saya.

Abin da ya rage shi ne masu jari su shigo. Mai maɗaba'a zai iya haɗa ayyukan masu zane da dama a bugu ɗaya don rage tsada. Mai shagon littattafai zai iya karɓar ragowar kayan biki a kan sai an sayar a biya. Masu zanen kuma sai su yi rajistar sunan kasuwancinsu, su riƙe littafin shiga da fita, su yi taron dangi wajen kama tebur, kuma kada su miƙa zane ga kowa sai da yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace yawan bugu da kason da zai riƙa shigo musu.