Daga iyakar sanyi zuwa zafin ranar Tasawa

Mai saida ƙanƙara a kasuwar Mayahi ya san sanyi kuɗi ne, balle in bazara ta kama. Amma sanyin ƙanƙararsa somin-taɓi ne. Masana sun tabbatar cewa sanyi yana da iyakar da ba a ƙetarewa, wato digiri 273 ƙasa da sifili, kuma dab da wannan iyaka abubuwa sukan sake hali baki ɗaya.

A shekarar 1908, a ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya iskar heliyom har ta zama ruwa. A 1911 ya sanyaya zaiba da wannan ruwan zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga wutar lantarki tana ratsa ta ba tare da asarar komi ba. A 1995 kuma, a Amurka, Cornell da Wieman suka matsa kusa da iyakar, har ƙwayoyin zarra wajen dubu biyu suka koma tafiya tamkar ƙwaya guda, kamar yadda Einstein ya yi hasashe tun 1925.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu? To, maganaɗisun na'urar MRI, wadda likitoci ke duba cikin ƙwaƙwalwa da ita ba tare da tiyata ba, da abin da Onnes ya gano yake aiki. Sai da aka yi shekara 70 kafin wannan bincike ya iso asibiti.

Wani ɗan Tasawa ya fahimci irin wannan haƙuri. An haifi Abdu Mumuni a 1929, ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa. Shi kam ɓangaren zafi ya kama, don rana ce arzikin da Nijar ba ta rasa ba. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992.

Yau akwai jami'a a Maraɗi, kuma ƴaƴan Tasawa da Mayahi suna karatu cikinta. Ɗakin gwaji yana buƙatar kayan aiki da wutar da ba ta yankewa. Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi da attajirin da ke neman inda zai taimaka, su tuna ba a shuka dabino don a ci bana.