Sayen Tsakuwa Mai Yawa: Nisa Da Awo Ke Yanke Farashi

Ɗan kwangilar da ke neman tsakuwa mai yawa a kudancin Nijeriya zai tarar cewa nisan wurin fasa dutse daga filin aikinsa shi ke yanke yawancin abin da zai biya. Legas na samun tata galibi daga Abekuta da Ibadan, yayin da garuruwan Neja Delta, inda ƙasar laka ce da fadama, ke dogara da duwatsun Akamkpa a Jihar Kuros Riba da na Jihar Ebonyi. A irin wannan nisa, kuɗin dako kan kamo kuɗin dutsen kansa.

Aikin da za a yi shi ke nuna girman da za a saya. Tsakuwa mai kashi 3 cikin 4 na inci ce aka fi zuba kankaren ginshiƙai da ita, garin dutse kuwa ana shimfiɗa shi ƙarƙashin bulon da ake jerawa a farfajiya.

Wurin awo ne masu saye suka fi yin asara. Kamfanonin fasa dutse na sayarwa da tan, amma dillalai sun fi son cinikin "tifa ɗaya", alhali kuwa tifa suna ta tara. Ya kamata mai saye ya nemi takardar sikeli mai nuna nauyin motar kafin lodi da bayansa, ya kuma tuna cewa jiƙaƙƙen garin dutse na ɗauke da ruwan da shi zai biya.

Haka nan a daidaita tun farko kan wanda zai biya kuɗin janye mota mai tan 30 idan ta kafe a hanyar shiga filin da damina.