Daga Haidarabad Zuwa Gider: Riba Da Asara A Finafinan Kudancin Indiya

Duk mai zirga-zirga tsakanin Mubi da Gider, ko Gider da Garwa, ya san akwai wata haja da ba ta shiga buhu, ba a ɗora ta a kan babur, jami'in kwastan kuma bai taɓa tsayar da ita a shinge ba, amma kullum sai ta ƙetare iyaka. Hajar kuwa ita ce fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa, wato Indiya-Hausa. A cikin memori take tafiya, ko ta intanet, har ta sauka a rumfar mai turi, shi kuma ya zuba wa yaran shago da 'yan acaɓa da matan aure a wayoyinsu a kan 'yan sefa kaɗan. Tun da aka rufe gidajen sinima irin su Ribadu na Garwa, kallo ya koma tafin hannu, kuma a garin da Fillanci ya fi yawa a bakin jama'a kamar Gider, sai ka tarar da Bafillace da Bagidare sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna sauraron Ba'indiye yana zuba Hausar Kano.

Mu a nan duk "Indiya" muke ce musu. To amma akasarin waɗanda ake rububi yanzu ba daga Bombai suke fitowa ba. Kudancin Indiya na da manyan masana'antun fim guda huɗu, kowace da harshenta: ta Telugu a Haidarabad, ta Tamil a Cennai, ta Kannada a Bengaluru, sai ta Malayalam a jihar Kerala. Prabhas da Allu Arjun da Ram Charan 'yan Telugu ne, Vijay da Suriya da dattijo Rajinikanth 'yan Tamil, Yash kuwa ɗan Kannada.

Idan mai karatu bai manta ba, tun a shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, iyayenmu suka tashi da su Dharmendra da Amitabh Bachchan. Abin da ya ja su a wancan lokaci shi ne sun ga kansu a ciki: ga auren dole, ga kunyar surukai, ga talaka da azzalumin mai kuɗi. Daga baya 'yan Bombai suka kwashe labaransu suka kai Landan da Amurka, jarumi ya koma ɗan attajiri mai yawo a jirgi. A ganinmu wannan gurbi da suka bari shi ne 'yan Kudu suka shige. Har gobe jaruminsu ɗan ƙauye ne mai ɗaurin zane, wanda ke durƙusa wa mahaifiyarsa.

Fim ɗin da ya ɓalle ƙofa shi ne Baahubali na darakta S.S. Rajamouli, wanda kashi na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017. Na biyun ne fim ɗin Indiya na farko da ya haura rupi biliyan 10 a cinikin tikiti. Bayansa sai ga KGF a 2018 da 2022, ga Pushpa a 2021 da 2024, ga RRR a 2022, wanda wata waƙa da ke cikinsa ta ci kyautar Oska a Amurka a 2023. Maganar gaskiya, aikin da aka zuba a waɗannan finafinai ya cancanci yabo. Sun iya ɗaukar hoto, sun iya tsara faɗa, sun kuma san inda za su yanke labari su bar mai kallo da ƙishirwa. Ɗan kasuwa ma zai ƙaru da dabararsu: fim ɗaya suke yi, su sake shi rana ɗaya a harsuna biyar, wato haja ɗaya kasuwa biyar.

Sai dai mafi kyawunsu ba lallai su ne masu ƙarar ba. Kantara na 2022, wanda aka kashe wa kimanin rupi miliyan 160 ya dawo da wajen biliyan 4, labari ne na mutanen ƙauye da ke tsakanin jami'an gandun daji da mai gonar da ke haƙon ƙasarsu. Wanda ya san rikicin gona da burtali a Mayo-Luti ba sai an yi masa bayani ba, ko da yake fim ɗin cike yake da bautar iskoki irin ta mutanen wurin, abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya miƙa wa yara. Jai Bhim na 2021 an gina shi ne a kan wata shari'a ta gaske ta 1993, inda wani talaka ya mutu a hannun 'yan sanda, matarsa ta bi kadinsa har babbar kotu. Drishyam na 2013 kuwa babu bindiga babu tsalle, wani magidanci ne da bai yi nisa a boko ba yake kare iyalinsa da tsabar basira, kuma saboda daɗin labarin har 'yan Sin sun sake yin nasu. Aadujeevitham na 2024 ya nuna wani da ya tafi Saudiyya neman kuɗi ya ƙare da kiwon awaki a hamada ba albashi. Duk gidan da ke da yaro mai ɗokin ƙetare, wannan ya fi wa'azin awa uku.

To, mu dawo kan Pushpa, domin shi ne ya fi shafar mu. Labarin wani lebura ne da ba a yarda ya amsa sunan mahaifinsa ba, ya shiga fasa-ƙwaurin jan katako daga duwatsun Seshacalam, ya yi ta hawa har ya zama uban harkar. Wani abin mamaki, itacen da yake sata ɗan'uwan madobiyarmu ne, dangi ɗaya suke. Ita ma madobiya an yi mata irin wannan wawaso a Taraba da Adamawa da dazuzzukan Kamaru na kan iyaka, ana lodinta zuwa ƙasar Sin, har hukumar duniya mai kula da cinikin tsirrai da namun daji ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Mun ga abin da aka bari: kututture da zaizayar ƙasa, 'yan sarar kuma suna nan yadda suke, kuɗin ya tafi wurin dillalai. A Pushpa babu wannan ɓangare. Dajin ba ya ƙarewa, ɗan sanda ko dai mugu ne ko abin dariya, cin hanci kuma wayo ne. Yaron da ke yi maka dakon kaya zuwa Figil ya kalli wannan sau biyar, ya koyi ɗage kafaɗa da shafar gemun da bai fito ba, me kake tsammanin zai ɗauka game da shinge da takardar kaya? Ba mu ce fim ne ke haifar da ɗan sumoga ba, talauci da tsadar fito sun riga shi. Amma fim ɗin ya naɗa wa sana'ar rawani.

Haka zancen yake a KGF, inda uwa a kan gadon mutuwa take ɗaukar alkawari daga ɗanta cewa sai ya yi dukiya kafin ya mutu, shi kuma ya cika alkawarin a kan gawarwaki. A Vikram da Jailer da Leo da Salaar, sare kai ya zama kamar yankan albasa, kiɗa na tashi ana tafi. Mutanen da suka ga yadda Mubi ta watse a ƙarshen Oktoban 2014, suka kuma karɓi 'yan gudun hijira a gidajensu, sun san harsashi ba ya zuwa da kiɗa.

Mace kuwa a yawancin manyan finafinan ado ce kawai. Jarumi zai yi ta bin yarinya tana ƙi yana matsawa, a ce mana wannan ita ce soyayya, sannan a jefo rawar tsiraici da ba ta da alaƙa da labarin. Hasali ma a can gida abin ya wuce allo, domin rahoton kwamitin Mai Shari'a Hema da aka fitar a Kerala a watan Agustan 2024 ya tona yadda ake cin zarafin 'yan fim mata a masana'antar Malayalam.

Akwai kuma algus irin na kasuwa. Tun da Baahubali ya ci riba a kashi biyu, kowa ya koma raba labarin da bai kai mudu ba ya ce tiya ce. Pushpa na biyu ya kai awa uku da minti 20. Masu kallo a Indiya ma sun fara gajiya: Indian 2 da Kanguva a 2024, da Game Changer a farkon 2025, duk an narka musu dukiya, duk sun kwanta wa masu su. Son jarumai kuma ya kai intaha. Ranar 4 ga Disamba 2024 wata mata ta rasu a turmutsutsun kallon farko na Pushpa 2 a Haidarabad, har aka kama Allu Arjun ya kwana ɗaya a tsare kafin ya fito a kan beli.

Game da masu fassara na Kano, irin su Algaita, dole a sara musu. Su ne suka sa tsohuwar da ba ta jin Indiyanci ko Faransanci take bin labari tiryan-tiryan, kuma barkwancin da suke sakawa wani lokaci ya fi na asalin daɗi. Illar ita ce wannan barkwanci yakan rufe muni: a kashe mutum goma, murya ta saki zaurance, ɗaki ya fashe da dariya. Su kuma 'yan Kannywood sun daɗe suna kukan cewa Indiya-Hausa ta karya musu kasuwa, kuma kukan na da tushe, domin wanda ya ɗauki 'yan wasa ya biya kyamara ba zai iya gasar farashi da fim ɗin biliyoyin rupi da ake turawa a kuɗin ƙosai ba.

Mai turi a Gider ya san abin da ke cikin kowane fim fiye da kowa, tunda sai ya kalla yake sayarwa. Babu hukumar tace finafinai da ke zaune a rumfarsa, saboda haka shi ne zai iya cewa wannan na magidanta ne, wancan a kai gida. Mu kuma masu saye, in muka riƙa tambayar irin su Drishyam da Jai Bhim, saƙon zai isa Kano, domin su ma abin da ke tafiya suke fassarawa. A halin yanzu dai masu Pushpa sun riga sun sanar a ƙarshen na biyu cewa na uku na nan tafe.