Dashen Ƙananan Itatuwa Masu Fure da Jure Fari a Ƙasar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi a watan Agusta, sa'an nan ya sake bin ta a watan Afrilu, zai ga abin da ya sa muka rubuta wannan takarda. Da damina, a bakin ofisoshi da makarantu da gidajen da ke tsakanin garin Jibiya da Magama, inda shingen kan iyaka yake, akan tarar an jera 'yan furanni cikin tsofaffin tayoyi, an kewaye su da duwatsu masu farin fenti. Da bazara kuwa sai a tarar da tayoyin da duwatsun kurum. Shekara ta zagayo a sake sayowa, a sake dasawa, har mutane su yanke cewa ƙasar nan ba ta fure ba ce.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa wannan hasara ba daga ƙarancin ruwa kaɗai take ba. Mafi yawanta daga zaɓen abin da ake dasawa take, da lokacin da ake dasa shi, da kuma irin renon da ake yi masa a bazararsa ta farko. Da muka ce ƙananan itatuwa, muna nufin waɗanda ke yin rassa tun daga gindi, tsawonsu bai cika wuce gaba biyu ba.

2.0 Abin da itacen zai fuskanta

Ruwan da ke sauka a wannan yanki bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Watau itace zai yi wata bakwai ko takwas bai ga ɗigon ruwan sama ba. Cikin waɗannan watanni iskar hunturu za ta fara busar da shi, kana zafin Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, ya ƙarasa abin da ya rage. Ƙasar kuma galibi jigawa ce, ba ta riƙe laima. Ga gara a ƙarƙashi, ga awaki a sama, waɗanda da rani ba mai ɗaure su.

Mai karatu zai iya cewa ai akwai madatsar ruwa da aka gina a kan gulbin Gada. Haka ne, amma an yi ta ne don noman rani da ruwan sha, kuma wannan gulbi shi ne ke ƙetare iyaka ya zama gulbin Maraɗi, inda wasu ma ke jiran rabonsu. A garin da magidanci ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, furen da ke son bokiti guda kullum ba zai daɗe ba, ko da mai shi yana ƙaunarsa.

3.0 Itatuwan da suka riga suka ci jarrabawar bazara

Na farkonsu ita ce kariya, wadda masana ilmin tsirrai ke kira Adenium obesum. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, ta zubar da ganye idan rani ya shigo don kada ruwan ya tsere, sa'an nan ta fid da jajayen furanni masu ratsin fari a kan rassa tsirara, daidai lokacin da komai ya bushe. Abin mamaki shi ne, a ƙasashen Asiya irin su Tailan an mai da ita hajar kasuwa, ana renon ta cikin tukwane ana sayarwa da tsada, alhali mu nan sai mu wuce ta a kan dutse ba mu waiwaya ba. Akuya ba ta cin ta. Ba fari ke kashe ta ba, ruwa ne: idan ya kwanta a gindinta a watan Agusta sai ta ruɓe. Sabili da haka a kan tudu ake dasa ta, ko a tara mata tsakuwa da yashi. Reshenta kan kama idan an bar bakin yankan ya bushe na 'yan kwanaki, sai dai wadda aka shuka daga iri ta fi yin babban gindi.

Sai rumfu, wanda Katsinawa ke ce wa runhu. Shi ma da rani yake ado, ya rufe kansa da fure rawaya tas, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kansa. Ɗunɗu kuwa furensa na rataye ne kamar tuntu, sama ja-ja ƙasa rawaya, kuma yakan fito wajen faɗuwar damina. Amma fa yana da ƙaya, yana kuma tsiro daga saiwa ya mamaye wuri, don haka bakin shinge ya dace da shi, ba tsakiyar fili ba. Tsattsagi yana da ƙananan ganye masu kama da kofato da farin fure mai ƙamshi, yana jure aski, sai dai awaki na son sa ƙwarai. Lalle ba ya bukatar gabatarwa wurin matan ƙasar Hausa, amma kaɗan ne ke lura da ƙamshin furensa da maraice, domin akan yanke shi don ganye tun bai yi fure ba. Idan aka jera shi aka riƙa datse kansa, ya zama shinge, ya zama ado, ya kuma zama abin sayarwa.

Ba za mu bar tumfafiya ba, ko da yake mun san za a yi mana dariya. Manomi na ganin ta alamar gona ta gaji, amma wanda ya duƙa ya dubi furenta, fari da shuɗi-shuɗi, zai yarda cewa raini ne kawai ya hana a kira ta fure.

Daga cikin baƙi, wadda ta cancanci wuri ita ce bugambiliya, 'yar asalin Barazil, mai hawa katanga. Abin da ake gani mai launi a jikinta ba furen ba ne, ganye ne da ya rikiɗe ya kewaye ɗan farin furen. Halinta ya dace da mu: in an cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye, in an ɗan bar ta da ƙishirwa sai ta yi ado. Amma tana bukatar ban ruwa a shekarunta na farko, da kuma tsaro daga dabbobi.

4.0 Dashe da reno

A nan ne aikin yake lalacewa. Mun saba a yi bikin dashen itatuwa bayan damina ta yi nisa, a dasa a cikin ɗan ramin da bai wuce zurfin leda ba. Itacen da aka dasa a ƙarshen Agusta makonni kaɗan na ruwa suka rage masa, saiwarsa ba ta kai ga laimar ƙasa ba hunturu zai riske shi. Abin da ya kamata shi ne a haƙa rami tun a watan Mayu, zurfinsa da faɗinsa kamar rabin mita, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka a mayar, a bar ruwan farko ya zaunar da ita. Ɗanyen taki kiran gara ne. Da zarar ruwa ya zauna, watau daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, sai a dasa da maraice. Irin rumfu da ɗunɗu da tsattsagi yana da tauri. A zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana kafin a shuka a leda, wata uku kafin lokacin dashe.

Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, waɗanda farin 1973 da na 1984 ya fi gasa wa aya a hannu, suna da darasi gare mu. Manoman jihar Tawa sun shahara da tassa, watau ƙananan ramukan tara ruwa da taki, da kuma kunya mai siffar rabin wata wadda ke tare ruwan da ke gangarowa. Idan aka yi wa kowane dashe irin wannan kunya, bakinta na duban tudu, ruwan da zai bi kwata sai ya nutse a gindinsa. Haka kuma a ƙasar Maraɗi ne, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka yaɗa dabarar nan ta barin kututturen da ke toho a gona, a rage masa rassa a bar masu ƙarfi. Filayen makarantunmu cike suke da kututturan sabara da geza da kalgo waɗanda ake sa ɗalibai su sassabe kowace shekara, alhali saiwarsu ta riga ta kai inda sabon dashe zai yi shekaru bai kai ba.

Game da ban ruwa, yayyafin kullum cuta ne, domin yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke ƙona ta. Gara a ba da ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya fi wannan shi ne a binne tulun ƙasa kusa da dashen har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali ta jikinsa. Kada a lulluɓe gindin da kara, gara za ta bi shi ta kai ga itacen. Tsakuwa ta fi. A kewaye kowane dashe da ƙayar magarya, ko kuwa a kafa rassan aguwa gab da faɗuwar ruwa su zama shinge mai rai. Itacen gida da ya tsallake bazara biyu da irin wannan reno, galibi ya yaye kansa.

Saura gargaɗi guda. Abin da ke hana akuya cin wasu daga cikin itatuwan nan dafi ne. Da ruwan jikin kariya maharba kan haɗa dafin kibiya, farin ruwan tumfafiya kuma yana yi wa ido lahani. Haka nan baƙon itacen nan oliyanda, mai dogayen ganye da jan fure, wanda masu sayar da furanni ke yabo don jure rana, ganyensa na iya kashe dabba ko yaro. A harabar kwastan ko tsakiyar shataletale ana iya dasa su. A makarantar firamare da tsakar gida kuwa, inda yara ke kai komai baki, rumfu da lalle da tsattsagi muke ba da shawara a dasa, kuma wanda ya yanka kariya ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.