Gargaɗi ga Masu Mussa a Sabon Birni da Isa: Kada a Doke Ta Don Ta Yi Fitsari a Tabarma, a Duba Lafiyarta

Wannan kira ne na gaggawa ga magidanta, matan gida da masu shaguna da ke ajiye mussa don tsaron hatsi daga ɓeraye a Sabon Birni, Isa, Gatawa, Kurawa, Tsamaye, Bafarawa da ƙauyukan kewaye, har da 'yan'uwanmu Gobirawa na tsallaken iyaka a Tibiri da Gidan Runji.

In mussar da ta saba zuwa rairayi ko juji ta tona rami ta binne, ta koma tsugunawa a kan tabarma, katifa ko buhun gero, kada a ce rashin kunya ne, kada a ce aljani ya shige ta. Mussa dabba ce mai tsabta, ba ta sauya wurin da ta saba sai da dalili. Ɗaya daga cikin dalilan nan yana kashe ta cikin kwana 2 zuwa 3.

Wannan dalili shi ne toshewar fitsari, kuma muzuru ya fi kamawa, domin hanyar fitsarinsa doguwa ce, siririya. 'Yar tsakuwa ko majinar da kumburin mafitsara ke haifarwa ta isa ta toshe ta. Da zarar ta toshe, mafitsara ta cika, ƙoda ta daina tace jini, guba ta taru a jiki har ta tsayar da zuciya.

Ga alamominsa. Muzuru yana tsugunawa nan, ya tashi, ya tsuguna can, amma ɗigo kaɗan ke fita ko babu ko ɗaya. Yana kuka lokacin yunƙuri. Yana yawan lasar gabansa. Ana ganin jini a ɗigon. Daga baya ya ƙi abinci, ya yi amai, ya ɓuya a ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, mararsa ta yi tauri. Mutane da yawa kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su zauna jira. Jiran nan ne ke kashewa.

Wanda ya ga haka ya nemi likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba. A fara da ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. In aikin ya fi ƙarfinsa, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato, inda za a iya zura siririyar roba a buɗe hanyar, a ƙara wa dabbar ruwa. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, tafiyar yamma ba ta da tabbas. Don haka a yanke shawara tun da safe, a sa muzurun cikin kwali mai huji ko kwando mai murfi, a kare shi daga rana. Kuma kada kowa ya jefa ransa cikin haɗari: in hanya ba ta biyuwa, a kira likita a waya a bi abin da ya ce.

Abubuwa huɗu ne kada a kuskura a yi.

Na farko, kada a ba mussa farasitamol, ko da ɓarin ƙwaya ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar ta ɗan Adam. Ƙwaya ɗaya na iya lalata mata jini, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, ta mutu. Haka sauran magungunan ciwon jiki na mutane. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, kada a matsa mata ciki don fitsari ya fito. Mafitsarar da ta cika tana iya fashewa.

Na uku, kada a zuba mata maganin kaska na shanu, awaki ko karnuka. Wasu daga cikinsu na sa mussa makyarkyata da farfaɗiya har ta mutu.

Na huɗu, kada a doke ta, kada a dangwala hancinta a fitsarin, kada a kulle ta a ɗaki ba ci ba sha. Tsoro yana ƙara cutar. Malamai sun sha faɗa mana hadisin matar da aka yi wa azaba saboda mussar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

Akwai wasu dalilan da ba su kai wannan gaggawa ba, amma su ma suna bukatar kulawa. In fitsarin mai yawa ne, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana ramewa, a yi zargin ciwon ƙoda ko ciwon suga, musamman ga tsohuwa. Tsohuwar da gaɓoɓinta ke ciwo kuma takan kasa kaiwa inda ta saba, sai a kusanto mata da rairayi. In muzuru yana tsaye ne, wutsiya a miƙe tana rawa, yana fesa wa bango ko ƙyaure, wannan shata iyaka yake yi saboda wani muzurun da ke shigowa; dandaƙa a hannun likita takan rage shi ƙwarai.

Sai tashin hankali. A shekarun nan rashin tsaro ya sa gidaje da yawa a cikin gari sun karɓi dangi daga ƙauye, ɗaki ya cika, tsakar gida ta cika da yara da dabbobi. Mussa na jin wannan canji a jikinta, kuma firgici kaɗai na iya kumbura mata mafitsara. A ware mata lungu mai shiru a zuba mata rairayi, nesa da inda take cin abinci.

Zafi ma na da nasa hannu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Gobir kan wuce digiri 40, ga shi mussa ba mai son shan ruwa ba ce, sai fitsarinta ya yi kauri. A ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa, wuri biyu ko uku, a sauya kullum, a riƙa jiƙa mata abinci da romo marar gishiri da albasa, domin albasa guba ce gare ta.

Game da tsabta: a mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin mussa najasa ne, don haka a wanke tabarma da dardumar salla da ruwa da sabulu, a shanya a rana. In warin ya saura, za ta koma wurin. Kada a zuba Izal inda take takawa, domin takan lashe ƙafa, ga shi yana cutar da ita. A kwashe rairayinta kowace rana. Mace mai juna biyu kada ta kwashe kashin mussa, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke illata ɗan da ke ciki. Wani ya yi, ya wanke hannu da sabulu.

Muna roƙon limamai, masu unguwanni, malaman makaranta da masu sayar da magani su isar da wannan saƙo, musamman ga mata da yara, su ne suka fi ganin halin da dabbar gida take ciki. Muzurun da ke yunƙuri ba fitsari, a kai shi likita yau. Farasitamol, ko kusa.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, mu da dabbobinmu. Amin.