Tsohon Takobi a Ƙasar Kano: Asalinsa da Cinikinsa

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan ƙasar Kano irin su Tofa, akan iske tsohon takobi rataye a turakar maigida, ba a zare shi sai ran hawan salla ko naɗin sarauta. Irin waɗannan takubba ne dillalai ke saye su kai birni, inda masu tara kayan tarihi ke nemansu. Wannan maƙala za ta duba abin da ke ba takobi daraja, da abin da ke salwanta in an sayar da shi ba bisa lura ba.

2.0 Sassan Takobi

Takobin Hausa aikin hannu uku ne. Akwai ruwa, watau ƙarfen mai kaifi biyu. Akwai ƙota, wadda maƙeran fari ke yi wa ado da tagulla ko azurfa. Sannan akwai kube da hamila, aikin dukawa da masaƙa. Da wuya sassan nan su zama sa'o'in juna, domin fata takan mutu a sake ta, ruwa kuwa ya yi ta wucewa daga kaka zuwa jika.

Ruwan takubba da dama ba a nan aka ƙera shi ba. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ake shigowa da su kowace shekara, galibi daga Solingen ta Jamus, ta hanyar Sahara. A Kano ake sa musu ƙota da kube, sannan Buzaye da fatake su watsa su. Saboda haka ake ganin tambarin Turai, kamar jinjirin wata biyu, a jikin ruwan. Sai dai maƙeran gida sun kwaikwayi tambarin, don haka shi kaɗai ba ya zama hujja. Mai saye sai ya dubi nauyin ƙarfen, da yadda yake tanƙwaruwa ya koma daidai.

3.0 Darasi daga Japan

Japanawa sun yi fice wajen adana takubbansu. Maƙerinsu yakan sassaƙa sunansa, wani lokaci har da shekara, a jikin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Ba a kankare tsatsar wannan wuri, domin da ita masana ke gane tsufan takobi. Tun daga 1951 hukuma ke yi wa takubba rajista, takardar kuma tana bin takobin duk hannun da ya shiga.

Takobin Hausa ba shi da irin wannan takarda. Shaidarsa tana bakin mutanen gida: wane ne ya rataya shi, wane sarki ya bayar, a wane yaƙi aka zare shi. Gajere, takobin sarautar Katsina, labarin Korau ne ya ɗaukaka shi. In aka sayar da takobi ba a rubuta labarinsa ba, dillali kuma ya goge shi da yashi don ya yi ƙyalli, to an raba ƙarfe da tarihinsa.

4.0 Kammalawa

Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izni ba. Amma doka ba ta adana abin da ke ƙirjin tsofaffi. Ya kamata malamai da ɗalibai masu bincike a Tofa da makwabtanta su riƙa ɗaukar hoton takubban gado, su auna su, su rubuta sunayensu da nasabarsu daga bakin masu su, a ajiye kwafe a Gidan Makama, tun dattawan da suka san labarin suna raye.